Babi na Shida: Fayilolin da Ba a Taɓa Buɗewa Ba

Sakkwato gari ne da ya daɗe da sanin darajar tara littafi. Gidan da ya kafa birnin a 1809 gidan marubuta ne: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u sun bar ɗaruruwan talifai da Larabci da Fulatanci da Hausa, almajirai suka yi ta juyar su da hannu, gidajen malamai suka yi ta adana su cikin tadarishi da gafaka. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya riƙe taskar da masu bincike na gida da na waje suka dogara da ita. Daga cikinta Murray Last ya sha kafin ya fitar da littafinsa a kan Daular Sakkwato a 1967, kuma a yau sunan Wazirin ne a kan hukumar adana tarihi da al'adu ta jihar. A wancan zamani samun littafin shi ne wahala. Mutum kan yi tafiyar kwanaki don ya ari kwafi guda, ya zauna ya juye shi shafi bayan shafi, kuma wanda ya juyi littafi da alƙalaminsa ba sai an tambaye shi ko ya san abin da ke ciki ba.

Yanzu wahalar ta sauya wuri. Ɗalibin da ke rubuta kundinsa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko malamin da ke koyarwa a kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, yana iya loda wa kwamfutarsa a yammaci ɗaya abin da kakansa bai tara ba tsawon rayuwarsa: maƙalun da aka turo ta WhatsApp, littattafan da aka sauko da su daga Telegram, hotunan tsofaffin takardu da aka ɗauka da waya, tafsirin azumin bana da na bara, da duk abin da aboki ya zuba masa a filash. Bayan shekara biyu ko uku sai jakar ta zama tsibi, mai ita kuma ya fara ɗaukar mallaka a matsayin sani, don sunan kowane fayil ya zame masa sananne saboda yawan wucewa ta kansa. Tambayar da ya kamata ya yi wa kansa mai sauƙi ce: a cikin dubban nan, waɗanne ne ban taɓa buɗewa ba? Abin da zan tsaya a kai a wannan babi shi ne, kwamfuta tana da amsar wannan tambaya, amsa mai ƙarfi, amma ta fuska ɗaya kaɗai. Tana iya shaida cewa ba a buɗe fayil ba. Ba ta da ikon shaida cewa an karanta shi. Wanda ya riƙe wannan bambanci zai ci moriyar dabarar, wanda ya sake shi kuma zai yaudari kansa ko ya zalunci wani.

Tushen abin yana cikin Unix, tsarin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969, wanda Linux da macOS da Android duk suka gaji ɗabi'unsa. A wannan tsari kowane fayil yana tafe da hatimin lokaci guda uku waɗanda ba a cikin rubutunsa suke ba, suna cikin rajistar da faifai ke riƙe da ita game da shi. Na farko, mtime, shi ne lokacin da aka sauya abin da ke cikin fayil ɗin na ƙarshe. Na biyu, ctime, lokacin da aka taɓa rajistar tasa, kamar a sauya masa izini ko mai shi, kuma a yawancin faifan Linux har da sauya suna. Na uku, atime, shi ne lokacin da aka buɗe shi aka ɗebi abin da ke ciki na ƙarshe. Dukkansu lissafin daƙiƙu ne da aka fara ƙirgawa daga tsakar daren 1 ga Janairu 1970 a agogon Girinwich, wato ƙarfe 1 na dare a agogon Najeriya. Wanda ya buɗe tagar umarni ya rubuta `stat` da sunan fayil zai ga ukun a jere, a faifai irin ext4 ma har da na huɗu, ranar da aka haifi fayil ɗin a wannan faifai. Jerin da `ls -l` ya saba nunawa mtime ne. Sai an ƙara harafi ɗaya, an rubuta `ls -lu`, sannan atime ke fitowa.

Hujjar tana cikin gwama biyu daga cikinsu. Lokacin da ake zuba fayil a faifai, ana buga masa atime tun farkon zubin, mtime kuma yana ta matsawa gaba har a gama. Saboda haka sabon fayil da babu wanda ya leƙa, atime ɗinsa ba ya wuce mtime ɗinsa. Ranar da wani ya buɗe shi sai atime ya tsallake gaba. Abin kamar ƙurar hunturu ne a kan gafakar da ke saman kanta: idan ƙurar tana kwance yadda ta sauka, babu shakka ba hannun da ya ɗaga ta, idan kuwa an tarar an share, iyakar abin da za a ce shi ne hannu ya bi ta wurin, ko na malam ne, ko na yaron da ke shara. Umarnin da ke fito da masu ƙurar a Linux layi ɗaya ne:

`find ~/Littattafai -type f -printf '%A@ %T@ %p\n' | awk '$1 <= $2'`

Rabin farko yana sa `find` ya zaga jakar da duk 'ya'yanta, ya rubuta atime da mtime da sunan kowane fayil. Rabi na biyu yana sa `awk` ya tace, ya bar waɗanda lambar farko ba ta fi ta biyu ba. Zagayen bai ɓata shaidar ba, domin `find` rajista yake dubawa, ba ya buɗe cikin fayil. Wanda kuma tambayarsa ta ɗan bambanta, yana son sanin abin da ya daɗe bai waiwaya ba ko da ya taɓa buɗe shi, sai ya rubuta `find ~/Littattafai -type f -atime +365`, ya sami duk abin da ya haura shekara ba a leƙa ba. A lura cewa `find` yana zubar da guntun kwana a lissafinsa, don haka `+1` na nufin kwana biyu cikakku ko fiye. A kwamfutar Apple `find` ɗin bai san `-printf` ba, sai a nemi lambobin ta hannun `stat`, amma hujjar ba ta sauya ba.

Ƙorafi na farko da masana ke yi shi ne cewa atime ya mutu tuni, kuma ƙorafin yana da asali. A tsohon tsari duk karatu yana jawo rubutu: ka buɗe fayil dubu, faifai ya koma ya gyara rajista dubu. Wannan yana rage gudu, yana shan batir, yana hana faifai hutawa. A 2007 Ingo Molnar, ɗaya daga cikin manyan masu aikin ƙwayar Linux, ya sa atime cikin mafi wautar shawarwarin da aka yanke a ƙirar Unix, kuma masu kula da manyan na'urori da yawa sun kashe shi ɗungurungum da zaɓin `noatime`. Amma a dubi inda muhawarar ta tsaya. Akwai manhajoji, irin su mutt na karanta wasiƙu, waɗanda ke gane sabuwar wasiƙa ta iso ta hanyar gwama atime da mtime na akwatin, wato ainihin gwamin da muka yi a sama. Don kada a karya su aka fito da sulhun da ake kira `relatime`, wanda ya zama tsarin Linux na yau da kullum tun fitowar 2.6.30 a 2009. A ƙarƙashinsa ana sabunta atime idan tsohon bai wuce mtime ko ctime ba, ko kuma idan ya kwana guda cikakke. Ma'anarsa, buɗewa ta farko bayan sauyi kullum ana rubuta ta. Abin da ake watsarwa shi ne maimaitawar da aka yi a cikin yini. Mutanen da suka fi kowa ƙin atime, da suka zo yanka shi, sun bar ɓangaren nan da ke amsa tambayarmu. A ganina wannan ya isa ya nuna dabarar tana tsaye a kan abin da aka kiyaye da gangan.

Duk da haka ba a yarda da ma'auni sai an gwada shi, kuma a nan ne shaidar rashin buɗewa ke iya rushewa gaba ɗaya. Idan an ɗaura faifai da `noatime`, kowane fayil zai fito kamar ba a taɓa shi ba, har wanda mai shi ya haddace. Umarnin `findmnt -T .` yana nuna da wane zaɓi aka ɗaura faifan da mutum yake ciki. Gwajin da ya fi wannan kwantar da hankali shi ne a ƙirƙiri sabon fayil, a duba shi da `stat`, a jira minti ɗaya, a buɗe shi da `cat`, a sake dubawa. Idan atime ya motsa, ma'aunin yana aiki. Idan bai motsa ba, duk jerin da za a fitar daga wannan faifai ba shi da amfani, kuma gara a san haka tun kafin a gina hukunci a kansa. Wayoyin Android galibi suna cikin wannan rukuni, shi ya sa littattafan da ke jibge a waya sun fi wuyar tantancewa ta wannan hanya.

Ƙorafi na biyu ya fi kusa da mu. Yawancin kwamfutocin da ke ofisoshi da shagunan buga takardu da ɗakunan ɗalibai a Sakkwato Windows ne a kansu, kuma a can lamarin ya fi rauni. Ba zan ɓoye wannan ba. Faifan NTFS yana da gurbin lokacin buɗewa, amma tun daga Windows Vista aka kashe sabunta shi, sai a 2018 Windows 10 ya koma yana yanke wa kansa shawarar kunnawa ko kashewa. Ko yana kunne, yana iya jinkirta rubuta shi har awa guda. Umarnin `fsutil behavior query disablelastaccess` yana faɗin halin da ake ciki, kuma mai izinin shugaban na'ura yana iya kunna shi, sai dai abin da ya wuce ya wuce, rajistar daga ranar za ta fara. Idan yana kunne, PowerShell yana ba da `LastAccessTime` da `CreationTime` na kowane fayil ta hanyar `Get-ChildItem`, kuma su biyun ya kamata a gwama, domin Windows idan ya kwafi fayil yana taho masa da tsohuwar ranar gyaransa. Filash mai tsarin FAT32 kuwa rana kaɗai yake riƙewa ba sa'a, saboda haka abin da aka zuba da safe aka buɗe da la'asar ba zai bar alama ba. Iyakar abin da wannan ke nunawa shi ne dabarar tana da sharaɗi, kuma sharaɗin ana iya duba shi cikin minti biyu.

Ƙorafi na uku shi ne wanda ya fi ƙarfafa matsayina, ko da yake masu kawo shi suna nufin rusa shi. Suna cewa ba mutum kaɗai ke buɗe fayil ba. Manhajar kashe ƙwayar cuta tana bi ta kan komai. Mai haɗa fihirisar bincike yana karanta kowane littafi don ya san kalmomin ciki. Taga mai nuna ƙananan hotunan shafin farko tana buɗe fayil da zarar an shiga jakarsa. Ko `grep` da mutum ya saki don neman kalma ɗaya ya taɓa kowane fayil da ya ratsa. Duk gaskiya ne. Amma a lura da ɓangaren da kuskuren ke faɗawa: waɗannan duka suna tura atime gaba, wato suna fitar da fayil daga jerin waɗanda ba a buɗe ba. Suna rage tsawon jerin, ba sa cusa masa ƙarya. Idan jerin ya fito da suna 400, mai yiwuwa ainihin waɗanda ido bai gani ba sun kai 900, amma 400 ɗin nan tabbas ne. Ga wanda ke neman inda zai fara karatu, jerin da ya gaza ya fi jerin da ya yi ƙari, don kowane suna da ke cikinsa aiki ne na gaske da ke jira.

Sai dai akwai wuraren da dole a yi taka-tsantsan da lafazin hukuncin. Abin da gwamin ke faɗa daidai shi ne ba a buɗe fayil ba tun sauyinsa na ƙarshe. Littafin da aka karanta aka ja layi a ciki aka adana zai iya komawa cikin jerin, don adanawar ta tura mtime gaba. A ɗaya gefen, fayil ɗin da aka sauko da shi da `wget`, ko aka kwance daga ƙunshin zip, yakan zo da tsohuwar ranar gyara ta inda ya fito, kuma yana iya kuɓuce wa jerin alhali ba a taɓa shi ba. Maganin wannan shi ne a gwama atime da ranar haihuwa, wadda `stat -c '%X %W %n'` ke fitarwa a sababbin tsarin Linux, ko da ctime idan an tabbata ba a yi ta sauya sunaye da izini ba. Mafi haɗari kuma shi ne kwafi. Wanda ya juye jakarsa zuwa wani faifai da `cp` tsura ya ɓata shaida ta fuska biyu a lokaci guda: na asali duk sun zama kamar an karanta, don kwafin ya buɗe su, sababbin kuma duk sun zama kamar ba a taɓa ba. Don haka tsari yana da muhimmanci. A fara fitar da jerin a adana shi a fayil na dabam, sannan a yi ajiyar kariya, sannan a kai na'ura wurin mai gyara. Idan an juya wannan tsari, tarihin shekaru zai tafi a dare ɗaya kuma babu umarnin da zai dawo da shi.

Agogo ma abin dubawa ne, musamman a nan. Kwamfutocin hannu da yawa da ake saye na gwanjo ne, ƙaramin batirin da ke riƙe musu lokaci ya gaji, zafin Sakkwato na watan Afrilu kuma ba ya raga wa batir. Idan aka ɗauke wuta na'ura ta mutu, tana iya farkawa da wata shekara ta can baya har sai ta sami intanet ta gyara kanta. Fayil ɗin da aka buɗe a wannan tsakani zai ɗauki hatimin ƙarya. Alamar ba ta ɓuya: tarin fayiloli masu rana ɗaya tsohuwa wadda ta girmi na'urar kanta. Irin waɗannan a ware su gefe.

Wani zai ce me ya kai mutum baƙar taga da haruffa, tunda akwai jerin abubuwan da aka buɗe kwanan nan a kowace manhaja? Wancan jeri yana nuna na kusa ne, kuma kowace manhaja nata kaɗai ta sani, ga shi yana mantuwa. Tambayarmu ta shafi abin da bai faru ba, a cikin jakunkuna da yawa masu jakunkuna a ciki, kuma tana bukatar gwama lamba biyu na kowane fayil, abin da taga mai hotuna ba ta saba yi ba. Ƙari a kan haka, shiga jaka da linzami shi kansa yana iya sa a zana ƙananan hotuna a taka shaidar. Layin umarni yana ba da sakamakon da za a iya adanawa, a ƙirga da `wc -l`, a jera daga mafi daɗewa, a sake gudanarwa bayan wata uku a ga ko tsibin ya ragu. Ɗalibin da ya iya rubuta lissafi a Excel, layi ɗaya ba zai gagare shi ba.

Inda nake jin nauyin maganar shi ne fuskar da kwamfuta ba ta da shaida a kanta. A zauren malami a Sakkwato, ba a cewa almajiri ya karanci littafi sai ya zauna gaban malam, ya biya, an fassara masa, an gyara masa, har ya sauke, kuma malamin ne ke shaida. Atime bai san komai daga wannan ba. Wanda ya buɗe kundi mai shafi 300 ya rufe cikin daƙiƙa biyar da wanda ya yi mako yana nazarinsa, hatimi iri ɗaya suka bari. Ga kuma `touch -a`, umarnin da ke buga kowace rana aka ga dama a kan fayil. Saboda haka shugaban ofis da zai kama ma'aikaci da laifin ƙin karanta rahoto, ko ɗalibin da zai zargi malamin da ke duba kundinsa da cewa bai leƙa ba, idan hujjarsu wannan lamba ce, sun ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Mai yiwuwa an buga takardar an karanta a kan tabarma, ko an karanta kwafin da ke waya. Ko masu binciken laifukan kwamfuta ba sa tsayawa a kan atime shi kaɗai sai sun haɗa shi da wasu alamu. Amfaninsa na halal shi ne wanda mutum ya yi wa kansa, a kan faifansa, inda ya san tarihin na'urar.

Haɗari na ƙarshe shi ne saurin gogewa. `find` yana da zaɓin `-delete`, kuma wanda faifansa ya cika yana iya ganin jerin nan a matsayin shara. Ga waƙoƙi da finafinan da ke ko'ina a intanet, asarar kaɗan ce. Amma a kwamfutar mai bincike a Sakkwato, fayil ɗin da ya shekara biyar ba a buɗe ba yana iya kasancewa hoton takardar da aka ɗauka a gidan wani malami a Gwandu ko Wurno, wadda tun daga lokacin gara ko ruwan sama ko rabon gado ya taɓa asalinta, ko kuma muryar dattijon da aka yi hira da shi wanda yanzu ya riga mu gidan gaskiya. Irin wannan, rashin buɗe shi dalili ne na a gaggauta buɗe shi a ga ko bai lalace ba, a sa masa sunan da ke faɗin abin da ke ciki da inda aka samo shi, a yi masa kwafi a wuri na biyu, in ya cancanta a kai wa ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo ko hukumar Waziri Junaidu su ma su riƙe nasu. A fitar da jerin zuwa fayil, a bi shi da ido suna bayan suna, a raba shi gida uku: abin da za a karanta, abin da za a adana, da abin da aka tabbata akwai shi a wani wuri. Kashi na ukun ne kaɗai za a goge, shi ma bayan an ga ɗaya kwafin ya buɗu.